Labulen da Baba ya ɗinka

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, ga shi Baba ya riga mu tafiya. Ranar da aka kai shi makwancinsa, layinmu na Briketeri, a nan Yawunde, ya cika har masu tsire na bakin titi suka ja tukubarsu baya don a sami wurin shimfiɗa tabarma. Teloli sun rufe shaguna. Dillalan shanu sun zo daga Etudi ko wanka ba su tsaya yi ba. Har matan Nkomkana da ba Musulmi ba, waɗanda ya taɓa yi wa mazajensu ɗinki, sun shigo cikin gida sun zauna a gefe suna ta cewa ashiya, ashiya, wato sannu da haƙuri.

Kowace mai gaisuwa kuma da maganar da take shigowa da ita, maganar guda ce.

"Mun ji da carbi a hannu ya cika."

"Allahu akbar! Irin mutuwar da kowa ke roƙo ke nan."

"Ai mutumin kirki ba ya tafiya a banza."

Ina madafa ina zuba shinkafa a faranti ina jin su, hankalina ba ya kan aikin har miya ta zubo min a ƙafa. Wata gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai, yarinyar nan ta ji mutuwar nan, sai ka ce ubanta." Da ta san abin da ke cina, da ba ta yabe ni ba.

Ni ce matar ɗansa na fari, kuma ni kaɗai nake tare da shi a zaure lokacin da ya cika. Ba carbi ne a hannunsa ba. Manet ne, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a yi wasan harbi a talabijin. Inna, surukata, ita ta zare shi daga hannunsa ta sa carbi kafin maza su shigo, sannan ta kama ni a kafaɗa ta ce, "Ba ki ga komai ba. Mutuncinsa da naki ne." Maigidana yana Libreville a lokacin, an aika masa, yana hanya. Na san abin da zai fara tambayata idan muka keɓe: yaya Baba ya cika? Kwanakin nan duka da tambayar nake kwana nake tashi, in faɗa masa ta carbi ko in faɗa masa gaskiya.

Sai kun san irin gidanmu kafin ku gane. Baba tela ne, mai aikin allura a babbar riga, ya zo Yawunde daga ƙasar Katsina tun yana saurayi, kuma kunyar can ya ɗauko bai bar ko ƙyalle a hanya ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna ana sonsa. Maigidana ya girma ya yi gemu bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. "Wancan" ne, ko "yaron nan". Ni kuwa suruka, da na ji takun Baba sai in faɗa ɗaki. Gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa, "Ina kwana Baba," "Lafiya lau," shi ke nan an gama hirar yini. Kuma ni ba mai shiru ba ce, ku tambayi masu tumatir na kasuwar Mokolo. Amma gaban Baba ko tari sai in haɗiye.

Sai shekarun wahala suka zo, waɗanda mutanen gari ke kira kiriz. An yanke albashi, kuɗi ya zube, manyan ma'aikatan da ke ɗinka riga sabuwa kowace salla suka koma kawo tsofaffi a yi musu gyara. Baba ya zauna a shago yana kallon titi, allura a soke a hula. Kamfanin da maigidana yake wa aiki ya sallame su. Ya ɗauki ɗan abin da aka ba shi ya tafi Mokolo, ya dawo da talabijin ta gwanjo, da na'urar wasa mai manet huɗu, da kaset guda na wasan harbi. Ya girka su a zaure don samarin unguwa su riƙa biya suna yi.

Tabɗi! Ranar an yi ta. Baba ya tsaya a tsakar gida, ɗansa na tsugune gabansa, amma Inna yake kallo.

"A gaya wa wancan, zauren da nake karɓar baƙi ba gidan caca ba ne."

Maigidana shi ma ya dubi Inna. "Inna, a gaya wa Baba ba caca ba ce, wasa ne. Abinci nake nema."

"A gaya masa, abincin da ake samu da ɗaukar ran mutane, ko na ƙarya ne, ban yarda da shi ba."

Inna ta aje muciya ta ce, "Ni kuma yau na zama tarho? Ga ku ga juna!"

Baffa, ƙanen Baba, shi ya riƙa zuba wa wutar fetur. Kullum ya zo daga Ekudu sai ya ce ana koya wa yara fashi da makami a zauren yayansa. Baba ya yi kwanaki ba ya taɓa tuwon gidan. Amma bai ce a fitar da na'urar ba, don ya san ita ke sayen garin tuwon.

To zauren nan ita ce hanyar fita, kuma Baba ba ya fashin jam'i. Dole ya ratsa ta duk lokacin salla. Da farko yana wucewa kamar wanda ke tsallake kwata. Daga baya na lura, ta ƙofar ciki, takunsa ya fara raguwa. Ran nan sai ya tsaya cak bayan samarin, buta a hannu, ya ce da iska, "Wannan wawan bai san akwai mutum a bayan ƙofa ba." Kafin ya rufe baki an bindige yaron. Baba ya yi tsaki ya wuce, amma tsakin wanda maganarsa ta fito ne.

Abin da ya kama shi, kamar yadda ya gaya wa Inna, ni kuma ina jin su ta taga, shi ne babu wani mutum a allon da za ka zauna kana kallo. Hannu kawai kake gani da bakin bindiga, sai hanya a gabanka. In ka juya, ɗakin ya juya. In an taho ta bayanka, ba ka sani ba sai ka ji a jikinka. Ya ce, "Wannan ba kallo ba ne. Shiga ne."

Ranar da ya fara riƙe manet, da safe ne, samari duk suna makaranta. Wallahi na ciji zanena don kada dariya ta fito. Sojan nasa na cikin wasan ya ɗaga kai ya kalli silin, ya yi ta juyi a wuri guda kamar akuya a turke, ya harbi bango, ya harbi ƙafarsa. Can Baba ya aje abin ya dafe goshi ya ce a kawo masa ruwa, ƙasa na juyawa. Ya kwanta har azahar. Na ce shi ke nan, an rabu. Ashe ban san tela ba. Babban yatsan da ya shekara da shekaru yana tura allura a shadda ba ya jin kunyar ɗan turken roba na jikin manet. Kafin damina ta wuce, Baba ya san ginin nan na cikin wasa, tsohuwar masana'anta ce mai matakala da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ya san lungunan Briketeri. Ya san inda ake samun rigar sulke, da inda babbar bindiga take, da ƙofar da in ka buɗe ta ƙararta ke tona maka asiri.

Yana da maganganunsa a kan wasan, har yanzu samarin layinmu na maimaita su.

"A nan babu ɗan wane. Kowa da ƙaramar bindiga yake farawa."

"Wanda ya san lungu ya fi wanda ya san gudu."

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta ranar da wani ya ce masa ai ɓata lokaci ne. Ya ce, "Duk faɗin ƙasar nan, nuna min wani wuri da za ka faɗi a tashe ka nan take ba tare da ka san kowa ba." Kuma yana son yadda allon ke rabuwa gida huɗu, maƙiya huɗu a benci guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna kashe juna suna shan ruwa a moɗa ɗaya. Ya ce yaƙin da ake tashi daga shi a tafi masallaci tare, wannan yaƙin ya yarda da shi. In kaset ya ƙi tashi, shi ake miƙa wa. Ya zare shi ya hura masa iska a hankali kamar mai yi wa jariri tofi, ya mayar, sai ka ga ya kama.

Akwai maƙwabcinmu malamin makaranta da aka yanke wa albashi har ya daina fita, ya zauna a ƙofar gida yana magana shi kaɗai. Baba ne ya je ya kamo hannunsa ya kawo shi zaure, ya danƙa masa manet ya ce, "Malam, wanda ya rage maka albashi yana cikin ginin nan. Shiga ka neme shi." Mutumin ya yi dariyar da matarsa ta ce rabonta da jin ta tun kafin kiriz. A wurin gaisuwa ya fi kowa kuka, kuma shi kaɗai ne bai yi maganar carbi ba.

Amma babban abin da wasan nan ya yi a gidanmu, tsakanin Baba da ɗansa ya yi shi. Wata safiya babu kowa, Baba ya zauna ya ɗauki manet guda, ya tura ɗayan da ƙafa zuwa gefen da maigidana yake shara. Maigidana ya aje tsintsiya ya ɗauka. Suka fara. Maigidana ya zagaya ta matakala ya dirke shi ta baya. Sai na ji muryar Baba har tsakar gida:

"Kai! Ta ina ka ɓullo?"

Da maigidana ya shigo ɗaki, idonsa ja. Na ce lafiya? Ya ce, "Kin ji? Kai ya ce min. Ni ya yi wa magana." Ƙato da shi ya zauna bakin gado yana share ido da hular kansa.

Daga nan kullum sai sun yi, kuma kullum maigidana ke ci, don ba ya ɗaga masa ƙafa. Ya taɓa gaya min sirrin. Salon Baba shi ne laɓewa: ya sami lungu ya tsaya shiru ya jira ka kawo kanka. To amma in ya laɓe, bakinsa ba ya iya zama haka nan, sai ya fara hailala ƙasa-ƙasa, la'ilaha illallahu, la'ilaha illallahu, yadda yake yi in yana aikin allura. Shi bai ma san yana yi ba. Maigidana ya ce, "Da kin ji ya fara, ki daina gudu. Yana bayan wani abu yana jiran ki."

Abin zaure bai isa riƙe gida ba, ga wuta ana ɗaukewa kamar ana jin haushinmu. Maigidana ya bi fataken yadi zuwa Libreville. Ranar tafiyarsa Baba bai raka shi ko bakin titi ba. "A gaya wa wancan Allah ya kiyaye hanya," shi ke nan. Samari suka ci gaba da zuwa da yamma, ni ke buɗe musu in rufe. Da rana kuwa zauren shiru. Baba ya gwada yi shi kaɗai da sojojin na'ura, ya ce ba su da wayo, kullum ta hanya guda suke zuwa. A gaban yara kuma ba zai zauna a riƙa kashe shi ana ƙunshe dariya ba.

Ya san na iya, don maigidana ya koya min, kuma ya taɓa tarar da ni na aje tsintsiya ina yi, na ruga cikin gida har na bar takalmi guda. Kwana biyu na ji kekensa na aiki a shago, alhali babu mai kawo ɗinki. Ashe labule yake haɗawa da ragowar ƙyallayen shadda, shuɗi da fari da ruwan ƙasa, irin na rigunan manyan mutanen da suka daina zuwa. Ya ɗaura igiya daga tsakiyar talabijin zuwa bangon baya ya rataya shi. Wasan in na mutum biyu ne ana iya raba allon dama da hagu, to labulen ya bi tsagar daidai. Samari dama da kwali suke tarewa don kada wani ya leƙi gefen wani. Baba ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ba leƙe, ba kuma haɗa ido da suruka.

Inna ce ta kawo saƙon, tana danne murmushi. "Wai in ji shi, a ce wa matar yaron nan in ta gama aiki, akwai labule."

Na ce, "Inna, ni? Da Baba? In harbe shi?"

Ta ce, "In kin iya."

Haka muka fara, bayan azahar zuwa kiran la'asar. Shi a dama kan kujerarsa, ni a hagu kan tabarma, Inna a ƙofar ciki tana tsince shinkafa don kada wani ya ce wani abu. Bai taɓa yi min magana kai tsaye ba. Da sojana yake magana. "Sojan can, ka fito, na ji takunka." "Sojan can yau bai karya ba ne?" Ni kuma, da yake ba da ni ake ba, sai bakina ya buɗe. "Sojan ya ce a jira shi." Ran nan ya kashe ni sau ban san adadi ba a ƙofa guda, raina ya ɓaci, na manta inda nake na ce, "Kai, wannan mugun tsoho!" Sai na toshe bakina, na so ƙasa ta tsage in shige. Can na ji labule na motsi, ashe dariya yake har da tari. Ya ce, "Sojan can yana da baki."

Ban taɓa cin sa ba. Ko sau ɗaya. Tun tafiyar ɗansa ya zama wani abu daban, har laɓewar tasa ta daina zama tarkon da ake ganewa, ko ka ji hailalar, ba ka san wane lungu ba ne. Inna ta taɓa ce masa, "Haba Malam, ka bar yarinya ta ci ko sau ɗaya mana." Ya ce, "Wanda ya bar ka ka ci shi, raina ka ya yi." Kuma duk ranar da ya yi min kaca-kaca, yana aje manet sai ya ce da bango, "In wancan ya dawo, zai sha mamaki." Watannin da miji ba ya nan, ga talauci, ga kewa, awan nan na bayan azahar shi ya riƙe ni. Ban taɓa gode masa ba, don babu hanyar da suruka za ta bi ta faɗa.

Ranar da abin ya faru, ba ta bambanta da sauran ba. Ya ci abincinsa, ya yi sallarsa, ya hura kaset. Inna ta tashi ta zagaya baya kwashe shanya don hadari ya haɗo. Muna cikin yi na ji ya fara, ƙasa-ƙasa, ta bayan labule. Na ce a raina, to, ya laɓe, yau sai na tono ka. Na bar gudu, na bi ɗakunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin nema sai na ji hailalar ta tsaya. Wallahi abin da na ce a zuciyata shi ne, tsohon nan ya ƙara wayo, ya gane bakinsa ke tona shi.

Na same shi bayan akwatuna a ƙarƙashin matakala, sojansa a tsaye, bai motsa ba. Na saita, na ja kunama. Ya faɗi.

Na daka tsalle a kan tabarma na ce, "Na ci! Wallahi na ci!"

Ba a amsa ba. Sojansa ya sake tashi a wani ɗaki, yadda wasan yake yi. Na jira ya zo ramuwa, bai zo ba. Na ce ko fushi ya yi. Na ce, "Sojan yana ba da haƙuri." Shiru. Na ce, "Baba?"

Labulen nan yana dab da kafaɗata. Na kai hannu na taɓa shi, na kasa ɗagawa. Shekarun da na yi ina sunkuyar da kai suka riƙe min hannu. Ni in leƙa surukina? Na tsaya ina kiran Baba, Baba, kamar wawiya, sannan na tashi na bi ta ƙofar ciki na ruga kiran Inna. Ita ta zo ta yaye shi. Yana zaune a kujerarsa, kai ya jingina da bango, manet a cinya, yatsa a kan turken. Ya riga ya tafi.

Wannan shi ne abin da ke hana ni barci. Musulmi yana fitar rai, wanda ke kusa da shi haƙƙi ne a kansa ya matso ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ni ce ke kusa. Tsakanina da shi ƙyalle ne. Ina can ina farautarsa, na harbe shi, na yi shewa a kansa. Ko ruwa ban ba shi ba. Duk wadda ta shigo ta ce da carbi ya cika, ji nake kamar ni take tuhuma.

Maigidana ya iso an riga an yi sadakar uku. Inna ta tare shi da labarin carbi, maza suka ƙara masa a waje. Baffa kuwa ko ruwa bai bari ya sha ba ya ce, abu na farko, wannan kayan shaiɗan ya bar zauren marigayi, ya isa haka abin kunyar da aka ja masa yana raye. Maigidana ya ce to. Washegari da hantsi ya shiga zaure da kwali zai kwashe, ya kira ni in riƙe masa wayoyi. Yana jan benci sai ga labulen a dunƙule a ƙarƙashi, inda Inna ta cusa shi. Ya warware ya duba ɗinkin. Ɗan tela ne, ya san hannun ubansa. Ya dubi igiyar da ke rataye har yanzu daga talabijin zuwa bango.

"Wannan na mene ne?"

Na yi niyyar cewa na samari ne. Har na buɗe baki. Sai na ji in na yi ƙaryar nan, na sake barin Baba shi kaɗai a bayan ƙyalle, wannan karon har abada. Na durƙusa na faɗa masa duka: saƙon Inna, sojan can, mugun tsoho, akwatunan ƙarƙashin matakala, shewar da na yi, da hannuna da ya kasa ɗaga labule. Na ce, "Ban laƙƙana masa ba. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama."

Ya sake duban labulen. Sannan ya ce, "Kin ce laɓewa ya yi?"

"Laɓewa ya yi."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Na ji shi mana. Yadda ka koya min."

"Me kika ji?"

Na buɗe baki zan amsa, sai a lokacin na gane. Kwana da kwanaki ina jujjuya ranar nan a kaina, amma a matsayin alamar wasa kawai nake jin sautin, don haka na saba jin sa.

Na ce, "La'ilaha illallahu."

"Har ya yi shiru?"

"Har ya yi shiru."

Ya ce, "To me za ki laƙƙana masa?"

Sai muka ji shessheka a ƙofar ciki. Inna ce, ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta ce, "Ni da carbina! Ashe abin da na rufe ya fi abin da na nuna." Ta juya ta koma ciki.

Ba zan ce muku nauyin ya sauka duka ba. Har gobe ina ganin da na ɗaga, da ya ga fuskar wani nasa kafin ya rufe ido. Amma na samu na yi numfashi.

Maigidana ya zauna kan benci, labule a cinya, yana bin ɗinkin da yatsa. Ya tambaye ni a hankali, kamar mai tsoron amsar, "Ya iya kuwa?"

Na ce, "Ya fi ka, nesa ba kusa ba. Duk da ni yake yi, amma kai yake jira. Kullum sai ya ce in wancan ya dawo zai sha mamaki."

Ku da kuka zo mana gaisuwa, mun gode, Allah ya ba da lada. Ga mutumin da kuka raka, ba a rage komai ba: tela, mai jam'i, mai kunyar ɗan fari, gwanin laɓewa a bayan akwati. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya tashe shi a inda ba a sake faɗuwa. Na'urar tana nan a zaure, Baffa ya yi faɗansa ya gaji.

A ranar dai, maigidana bai sa komai a kwalin ba. Ya miƙe ya mayar da labulen kan igiyarsa, ya zagaya dama ya zauna a kujerar ubansa, inda ba mai ganin fuskarsa. Bai kunna talabijin ba. Ni na zauna a tabarmata ta hagu, ban san abin yi ba. Can na ji an fara ta bayan ƙyallen, ƙasa-ƙasa, la'ilaha illallahu.

Wannan karon ban kira kowa ba. Na kai hannu na ɗaga labulen.